Hauwa Liman da aikin da ya kai ta Rann

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayenmu mata da ke zaune nan gaba, 'yan'uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan matasa da aikin agaji, ni kuwa da sunan mutum ɗaya zan shiga maganar: Hauwa Muhammad Liman. Ungozoma ce, kuma ɗaliba a Jami'ar Maiduguri. Shekararta 24 lokacin da aka kashe ta, wato sa'ar da yawa daga cikinku ce.

Sai kun san Rann kafin ku gane abin da yarinyar nan ta yi. Rann ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kala Balge a jihar Borno, dab da iyakar Kamaru. Rikicin Boko Haram ya tara dubban 'yan gudun hijira a can, yawancinsu mata da yara. Da damina ta kankama ruwa yakan datse hanya, ba shiga ba fita sai da jirgi mai saukar ungulu. A watan Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin bisa kuskure, mutane da dama suka mutu, ciki har da 'yan agajin Red Cross shida. Ba wanda bai ji wannan labari ba a Borno. Duk da haka Hauwa ta karɓi aiki a asibitin da ƙungiyar Red Cross ta duniya ke tallafa wa a garin.

Ku da kuke karatun jinya kun san abin da nake nufi. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mace ta haihu, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, ga tocila a hannun wata tsohuwa tana haska miki, ba likitan da za ki kira, ba motar da za ta kai ta babban asibiti. A irin wannan daren, hannun ungozoma ne Allah yake sanyawa ya zama sanadin rayuwar uwa da jariri. Wannan aikin ne ya kai ta Rann, shi nake so mu riƙa ambata idan an kira sunanta, domin abin takaici ne a ce mutane sun fi tuna yadda aka kashe ta fiye da abin da ta je yi.

Ranar 1 ga Maris, 2018, 'yan bindiga suka afka wa garin. Sun kashe ma'aikatan agaji uku, suka tafi da mata uku: Hauwa, da abokiyar aikinta Saifura Hussaini Ahmed Khorsa, ita ma ungozoma, da ma'aikaciyar jinya Alice Loksha. A watan Satumba ƙungiyar ISWAP, wato ɓangaren Boko Haram da ke riƙe da su, ta kashe Saifura. Red Cross, wadda ba al'adarta ba ce fitowa fili a kan irin wannan lamari, ta fito tana roƙo a bar Hauwa da ranta. Ba su ji ba. A tsakiyar Oktoba suka kashe ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Alice kuwa sai a 2024 ta kuɓuta, bayan shekara shida.

Yanzu gare ku, shugabannin ɗalibai. Ba zan tsaya nan in ce kowa ya ɗauki jaka ya nufi bakin daga ba, iyaye suna ji na, kuma rai ba abin wasa ba ne. Amma ku ne kuke tura 'yan'uwanku rigakafi da gangamin ba da jini da ziyarar sansanoni, kuma sau da yawa ba wanda yake tambayar komai sai kuɗin mota. Ku fara tambaya. Wa ya duba hanyar? Ina za su kwana? Idan abu ya faru, wa za a kira, kuma wa zai je gidan iyayen? Duk ƙungiyar da ta zo neman ɗalibai ta kasa amsa waɗannan a rubuce, kada ku ba ta sunan ko mutum ɗaya.