Laccar Bur Sudan: nauyin da ke ƙarƙashin tsohon jirgin faiba

Salamu alaikum jama'a. Na baya ku matso, ba lasifika yau. To samari, maganarmu a kan ƙananan jiragen ruwan nan ne na faiba, wato roba mai zaren gilashi, masu tafiya da iska, irin waɗanda Turawa ke yada zango da su a tashar Suwakin kafin su wuce mashigar Suwez. Ko kun taɓa tambayar kanku me ya sa iska ke kwantar da su amma ba sa kifewa? Nauyi ne a ƙasa, a wannan dogon ƙashin na ƙarƙashin jirgi da ake ce wa kil. A wani jirgin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na duk nauyinsa can yake.

Iri biyu ne. Akwai wanda aka zuba nauyin a cikin jikin faiban aka rufe, akwai kuma wanda aka ƙera daban aka ɗaure da manyan notuna. Abin zubawa ko dalma ko ƙarfe, wasu kamfanonin shekarun 1960 da 1970 ma siminti suka kwaɓa da tarkacen ƙarfe don sauƙin kuɗi. Dalma ta fi, lita ɗaya ta haura kilo 11, ƙarfe 7 da wani abu, siminti bai kai 3 ba, ga shi dalma ba ta tsatsa.

Na cikin nan mutane na ganin ba ruwansa da matsala tunda ba noti, to wallahi ba haka ba ne. Tekunmu na Bahar Maliya duk duwatsun murjani ne, jirgi ya ɗan gogi dutse wajen Sanganeb mai shi ya ce ai ba komai, alhali faiban ya tsage kamar gashi, ruwa na shiga a hankali, kuma gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna, wajen giram 40 a lita. In ƙarfe ne a ciki sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, ita za ta tura faiban daga ciki har ya buɗe. Na taɓa huda kil ɗin wani jirgi ta can ƙasa bayan an ɗaga shi, ruwa ja kamar zoɓo ya yi ta ɗiga kwana da kwanaki, ga wari, mai jirgin na tsaye yana rantsuwa bai taɓa buga komai ba.

Ya ake ganewa? Ɗauki ƙaramar guduma ka bi kil ɗin kana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Inda ya yi kau kau lafiya lau, inda ya yi buf buf akwai rami, sa alli ka zagaye. Ka huda, ka bari ya tsane, ka wanke da ruwan daɗi, ka ƙara bari. Nan ne kuke ba ni haushi, gaggawa! Makonni yake ci ko da zafin garin nan. Wanda ya shafa ifoksi, wato gam ɗin nan mai ƙarfi, a kan danshi ya rufe ruwa a ciki ne kawai. Sai ya bushe ƙarau sannan giranda, sannan ifoksi da sabon faiba shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Mai noti kuma, kar sitenles, ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, ya ruɗe ka. Kan notin na sheƙi a cikin jirgi amma can tsakiya inda ruwan gishiri ya kwanta ba iska, ya cinye ya zama ƙugun zanzaro. Ka duba mahaɗar kil da jiki, in akwai tsaga ko jan layin tsatsa na gangarowa a zare noti ɗaya a gani, in ta kama a sauke kil ɗin a sake gam. A 2014 wani jirgi Cheeki Rafiki kil ɗinsa ya fita a tekun Atlantika yana komawa Ingila, ya kife, mutum 4 suka rasu.

Eh ɗana, ka ɗaga hannu? Kana tambaya ko a ƙara matse notunan kawai? A'a, kar ka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, kowane kauri da ma'auninsa, kuma sai jirgi na tudu nauyinsa na zaune a kan kil ɗin. An kira la'asar, bayan salla mu je wajen wancan farin jirgin, kowa ya zo da gudumarsa.