Yadda Detroit Pistons Ta Farfaɗo a Hannun Cade Cunningham

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, kuma za mu je birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka.

A ƙarshen shekarar 2023, ƙungiyar Detroit Pistons ta sha kashi a wasa 28 a jere. Tun daga ƙarshen watan Oktoba har zuwa 30 ga Disamba, wata biyu cur, ba su ci wasa ko ɗaya ba. A tarihin gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, babu ƙungiyar da ta taɓa yin irin wannan faɗuwa a cikin kaka ɗaya. Abin ya kai magoya bayansu suna ihu a cikin filinsu na Little Caesars Arena, suna cewa mai ƙungiyar, Tom Gores, ya sayar da ita kowa ya huta. A kakar da ta biyo baya kuwa, sai ga wannan ƙungiya a zagayen neman kofi, kuma yaron da ke jan ragamarta bai canza ba. Shi ne Cade Cunningham. To me aka gyara?

Ku fara sanin cewa Pistons ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Sun ɗauki kofi sau uku: 1989 da 1990 a zamanin su Isiah Thomas da Joe Dumars, sai 2004, lokacin da su Chauncey Billups da Ben Wallace suka lallasa Los Angeles Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant. An san su da tauri da tsaron gida mai zafi. Daga 2008, da suka rabu da Billups, sai abubuwa suka fara sukurkucewa. Shekara da shekaru suna nan a tsakiya, ba su kai ga manya ba, ba su kuma faɗi ƙasa warwas ba. Sun sayo Blake Griffin a 2018 da tsada, gwiwarsa ta hana shi sakat, suka ga babu mafita sai a rushe a sake gini. A 2020 suka ɗauko Troy Weaver ya jagoranci aikin.

Masu kallon Firimiya za su ce, wace irin rushewa? A ƙwallon ƙafa idan ka ƙare a ƙasan tebur, rukunin 'yan dagaji za ka faɗa. A NBA babu wannan. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 82 a kaka, kuma ko ta ƙarshe tana nan daram a gasar. Har ma akwai lada. Kowace shekara ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙasashen waje, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ne ke da damar zaɓa da wuri. Ta wannan hanya ce Houston ta sami Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a matsayin zaɓi na farko a 1984. Shi ya sa ƙungiya kan sallami manyan 'yan wasanta, ta cika fili da yara, ta haƙura da faɗuwa na 'yan shekaru ko za ta dace da tauraro.

Detroit ta dace a 2021. Ƙuri'ar da ake jefawa don tantance wanda zai fara zaɓa ta ba su zaɓi na farko, suka ɗauki Cunningham, ɗan garin Arlington a jihar Texas, wanda ya yi shekara ɗaya a jami'ar Oklahoma State. Lokacin bai cika shekara 20 ba. Aikinsa shi ne rarraba ƙwallo: shi ke kawo ta daga baya, shi ke tsara yadda za a kai hari, shi ke yanke shawarar wanda zai jefa. Yawancin masu wannan aiki gajeru ne masu gudu. Shi kuwa tsawonsa ya kusa mita biyu, yana hango fili ta saman kan mai tsaronsa, kuma ba ya garaje. Idan kun lura da wasansa, tafiyar hawainiya yake yi da ƙwallo, ya sa mai tsaronsa a bayansa, ya tokare shi da kafaɗa, ya jira sai wani ya yi kuskure.

Kakarsa ta farko ya yi abin kirki, yana cin maki 17 a kowane wasa. Ta biyu kuwa wasa 12 kawai ya buga, aka yi masa tiyata a ƙwaurinsa na hagu, ƙungiyar ta ƙare da nasara 17 kacal. Nan ne ƙuri'a ta juya musu baya. A 2019 NBA ta sauya doka don rage faɗuwar ganganci: ƙungiyoyi ukun ƙarshe kowace damarta ta samun zaɓin farko ta koma kashi 14 cikin ɗari. A 2023 Detroit ce ta ƙarshe a duk gasar, kuma shekarar ce Victor Wembanyama na Faransa, matashin da kowa ke son ɗauka, ya shigo. San Antonio ta tafi da shi, Detroit ta sauka zuwa zaɓi na biyar. A 2024 ma su ne na ƙarshe, suka sake sauka na biyar. Duk wanda ya ce muku faɗuwa da gangan tabbatacciyar hanya ce, ku tuna masa da wannan.

Yanzu mu zo kan kakar 2023 zuwa 2024, domin nan ne darasin wasan yake. Sun ɗauko koci Monty Williams, wanda ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, a kan kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78 da rabi. Sun ci biyu daga wasanninsu uku na farko. Daga nan sai aka shiga waccan doguwar faɗuwa.

Ku kalli yadda filin yake. Mutum biyar ne a kowane ɓangare. Akwai layi mai lanƙwasa, kimanin mita bakwai daga kwando, wanda duk ya jefa daga bayansa ya ci, maki uku ne. Harin da aka fi yi a NBA shi ne wannan: dogon ɗan wasa, a nan Jalen Duren, zai zo ya tsaya ƙiƙam ya tare mai tsaron Cade, Cade ya kewaye shi ya nufi kwando, shi kuma Duren ya juya ya bi shi. Idan sauran abokan wasan uku sun iya jifa daga nesa, dole masu tsaronsu su manne musu a can bakin layi. Tsakiya ta zama wayam, mutum biyu a kan mutum biyu, kuma a irin wannan Cade ba ya da wuyar samun hanya.

To a waccan kakar su wa ke tsaye a bakin layin? Akwai Killian Hayes, wanda jifarsa daga nesa ba ta kai uku cikin goma ba. Akwai Ausar Thompson, sabon shiga, gwanin tsaro na gaske, amma a shekarar jifarsa mai maki uku ba ta kai biyu cikin goma ba. Duren shi ba ya jifa daga nesa sam. Bojan Bogdanovic, wanda ya fi kowa hannu a cikinsu, ya fara kakar yana jinya. Abokan hamayya suka gane. Sai su saki waɗancan a can waje, su jefa in sun so, su kuma su taru a gindin kwando. Cade ya kewayo, ya tarar da mutum uku ko huɗu suna jiransa da hannuwa a sama. Ya kutsa, a ƙwace. Ya miƙa waje, a jefa ta ƙi shiga. Agogon daƙiƙa 24 na harin yana tafiya, a ƙarshe ƙwallon ta dawo hannunsa ya yi jifar dole. An ba shi gona, ba a ba shi fartanya ba.

A lokacin masu sharhi da yawa sun fara cewa ƙila yaron bai kai yadda aka zata ba, tunda yana zubar da ƙwallo da yawa kuma jifarsa ba ta cika shiga ba. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma wasannin ƙarshen Disamba sun isa hujja. Ranar 26 ga wata, a wasan da suka kafa tarihin faɗuwa ta 27, ya zuba wa Brooklyn maki 41, mafi yawansu bayan hutun rabin lokaci, yana ta jan ƙungiyar shi kaɗai. Kwana biyu bayan nan suka je gidan Boston, ƙungiyar da ta ɗauki kofin shekarar. Detroit ta ba su ratar maki 21. Boston ta farke, aka shiga ƙarin lokaci, aka tashi 128 da 122. Duk wanda ya kalli wasan ya ga yara masu zuciya waɗanda ba su san yadda ake rufe wasa ba, kuma babu wani babba a fili da zai ce musu ku natsu. Sai ranar 30 ga Disamba suka doke Toronto 129 da 127, Cade ya ci maki 30, ya kuma ba da ƙwallo 12 aka ci. Sun gama kakar da nasara 14, faɗuwa 68, mafi muni a tarihin ƙungiyar.

Gores bai sayar ba, amma ya yi shara. Ya ɗauko Trajan Langdon daga New Orleans ya ba shi ragamar harkokin wasa, Weaver ya tafi, aka sallami Monty Williams bayan kaka ɗaya tak, duk da cewa akwai sauran kusan dala miliyan 65 da za a biya shi. Aka kawo J.B. Bickerstaff, wanda Cleveland ta sallama ba da daɗewa ba. Sannan aka ba Cade sabon kwantiragin shekara biyar na dala miliyan 224. Ku dubi lokacin da aka yi hakan: bayan nasara 14. Langdon ya yanke cewa ba yaron ne matsalar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne cefanen da ya yi. Bai je neman wani babban suna ba. Ya kawo Tobias Harris, wanda magoya bayan Philadelphia suka gaji da shi, amma mutum ne da ya daɗe a gasar kuma ya san inda ake tsayawa. Ya karɓo Tim Hardaway Jr. daga Dallas. Ya ɗauki Malik Beasley na shekara ɗaya a kan dala miliyan 6, wanda a kasuwar NBA araha ce ƙwarai. Dukkansu ukun sun iya jifa daga nesa, kuma babu wanda zai yi gangancin sakinsu. Beasley shi kaɗai ya ci jifa mai maki uku har 319 a kakar, Anthony Edwards ne kawai ya fi shi, da guda ɗaya.

Ku sake kallon wancan harin yanzu. Duren ya tare, Cade ya kewayo. Mai tsaron Beasley yana so ya shigo taimako, amma idan ya yi taku biyu, ƙwallo ta riga ta isa kusurwa, maki uku. Idan ya tsaya, Cade ya jefa wa Duren ita sama ya danna a kwando, ko shi ya tsaya a tsakiya ya yi 'yar jifarsa ta kusa. Makinsa ya tashi zuwa 26 a wasa, yana ba da ƙwallo tara ana ci. An zaɓe shi a wasan taurarin gasar karo na farko, ya kuma shiga jerin 'yan wasa 15 mafiya ƙwarewa a kakar, abin da ya ɗaga kwantiraginsa zuwa kusan dala miliyan 269.

Bickerstaff shi ma ya yi nasa. Ya ba kowa aikin da ya iya, ya dawo da tsaro mai tauri irin wanda Detroit ta gada, inda Thompson da Isaiah Stewart suka zama ƙashin baya. Ko da Jaden Ivey ya karye a ƙafa ranar 1 ga Janairun 2025, ƙungiyar ba ta durƙushe ba, aka nemo Dennis Schröder na Jamus ya riƙa karɓar Cade. Suka gama da nasara 44, wato sun ninka na kakar baya fiye da sau uku, suka zo na shida a yankin gabas.

A zagayen neman kofi suka haɗu da New York Knicks. A wasa na biyu, a filin Madison Square Garden, Cade ya ci maki 33 suka yi nasara, wadda ita ce ta farko da Detroit ta samu a wannan mataki tun 2008. Kafin nan sun sha kashi sau 15 a jere a zagayen. Knicks ce ta wuce, ta ci wasa huɗu, Detroit biyu, amma wasanni huɗun ƙarshe duk ratarsu ba ta wuce maki uku ba. A na huɗu, alƙalan wasa da bakinsu sun amsa cewa an yi wa Hardaway ƙeta a jifar ƙarshe ba su busa ba. A na shida, Jalen Brunson ya jefa mai maki uku saura 'yan daƙiƙu, ya rufe zancen.

Wannan karawa ta nuna inda sauran aiki yake. Knicks sun riƙa turo wa Cade dogayen masu tsaro, su Mikal Bridges da OG Anunoby, suna ninka shi biyu-biyu, kuma idan aka raba shi da ƙwallo babu wani na biyu da zai ƙirƙiro maki da kansa a kai a kai. Shi ma a kakar 2024 zuwa 2025 ya riƙa zubar da ƙwallo fiye da huɗu a wasa, wanda ya yi yawa ga mai neman kofi. Ga kuma batun kuɗi: NBA tana da iyakar albashi, kuma yaran da aka ɗauka da araha, su Duren da Thompson, tun a 2025 lokacin biyansu da tsada ya fara ƙaratowa. A bazarar 2025 Hardaway ya koma Denver, Schröder ya tafi Sacramento, Langdon ya maye gurbin jifar da Duncan Robinson daga Miami, wani gwanin nesa. Kwantiragin Cade zai kai su 2030, kuma a cikin wannan tsakanin ne dole su samo masa wancan abokin na biyu, ko dai ɗaya daga yaran gida ya girma ya zama shi, ko kuma a sayo shi daga waje da abin da aka tara.