Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Jita ta Hannu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Damagaram ta fito. Wani mai sauraronmu ya ce an kawo masa tallar jita ta hannu, wadda ba ta buƙatar lantarki, fentinta ya yi duhu a gefe irin na jitocin da. Mai ita ya ce wata shida kacal ya yi yana kaɗa ta. Yana tambaya, shin tsohuwa ce ta ainihi? Me kuma zai duba kafin ya biya?

To malam, mun gode. Kama da wane dai ba wane ba ne. Babbar jita mai faɗin ƙugu, kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, shi ya yi suna da ita, kamfanin Gibson kuma ya fitar da samfurinsa mai suna J-45 mai wannan duhun gefe a 1942. Yau masana'antu a Sin da Indonesiya suna ƙera irinsu sababbi fil. Ba laifi, wasu ma suna da daɗin amo, amma kada a karɓi kuɗin tsohuwa a hannunka. Leƙa cikin ramin da ke fuskar jitar, galibi akwai takarda ko hatimi mai sunan kamfani da lamba.

Ni dai fenti bai dame ni ba, wuya nake fara dubawa. Ɗaga ta ka sa ido daga wajen kai, kamar kafinta yana duba katako. In wuyan ya murɗe, ka yi musu sallama. In ɗan lanƙwasa ne kawai, akwai sandar ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa a miƙar da shi. Sannan ka ƙirga ƙarafan da ke jere a wuyan, daga wajen kai zuwa na 12. Tazarar tsirkiya da wannan ƙarfe kada ta wuce milimita 3, in ba haka ba yatsunka za su gaya maka cikin mako guda.

Sai katakon da tsirkiyoyi suke ɗaure a kai a jikin jitar. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin kusan kilo 70 dare da rana. Zura takarda a ƙarƙashinsa ta baya. In ta shige, gam ya fara saki.

Kuma kai da ke Damagaram, hunturu ne babban abokin gabarka. Jita tana son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a watan Janairu leɓe ma tsagewa yake. Tallafe ta a hasken rana ka nemi siririn tsagu a fuskarta, ka shafa gefen wuyan ka ji ko bakin ƙarafan yana kartar hannu, alamar katakon ya bushe ke nan. Idan ka saya, ka riƙa ajiye ta a akwatinta tare da soso mai ɗan laima cikin leda mai huji.

Tsatsar tsirkiya kuwa ba aibu ba ce, canzawa ake yi. Sai dai ka sa a rage maka kuɗinta wajen ciniki.