Coco Chanel a Zamanin Mamayar Jamus: Tela Ko 'Yar Leƙen Asiri?

Masu kallo, sunan Chanel ba baƙo ba ne ga mai son turare. Matar da ta kafa shi, Gabrielle Chanel, wadda aka fi sani da Coco, tana da wani suna a takardun Abwehr, hukumar leƙen asirin sojan Jamus: Westminster, mai lamba F-7124.

Ga yadda abin ya faro. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ta rufe gidan ɗinkinta na Paris. A watan Yunin 1940 sojan Hitler suka shiga birnin, ita kuwa ta ci gaba da zama a otal ɗin Ritz, inda manyan hafsoshin Jamus suka sauka. A lokacin ne ta yi soyayya da Hans Günther von Dincklage, jami'in Jamus da ya daɗe a harkar leƙen asiri, ko da yake ta girme shi da shekara 13.

Masu kare ta suna da hujja. Ɗan yayarta, André Palasse, yana tsare a sansanin fursunonin yaƙi, kuma ta hanyar Jamusawan nan aka sako shi a 1941. Wa zai ga laifin wadda ta nemi ceto jininta?

To, sai batun turare, wanda a ganina ya fi komai nauyi. Tun 1924 kamfanin da ke yin Chanel No. 5 yana hannun wasu Yahudawa 'yan gida ɗaya, Pierre da Paul Wertheimer. Su ke da kashi 70, ita 10 kacal, abin da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Da aka kafa dokar hana Yahudawa mallakar kasuwanci, sai ta rubuta wa hukuma a 1941 tana neman a ba ta kamfanin. Ashe an riga ta. Kafin su gudu Amurka sun damƙa shi amana ga Félix Amiot, mai ƙera jiragen sama, wanda ya mayar musu bayan yaƙi. Nan babu ɗan yaya da za a ceto, dukiyar mutanen da ake farauta ta nema.

Leƙen asirin kansa kuwa bai tsinana wani abu ba. Janar Walter Schellenberg na SS, rundunar musamman ta jam'iyyar Hitler, ya tura ta Madrid a farkon 1944, don ta aika wa firaministan Birtaniya, Winston Churchill, wanda ta sani tun da can, saƙon sulhu. Ƙawar da ta tafi da ita, Vera Lombardi, ta je ofishin jakadancin Birtaniya ta tona asirin.

Da aka 'yantar da Paris, an yi wa dubban mata aski a bainar jama'a a faɗin Faransa saboda hulɗa da Jamusawa. Chanel fa? An yi mata tambayoyi na 'yan sa'o'i a watan Satumban 1944, aka sallame ta, ta ƙaura Suwizalan. Ana cewa Churchill ne ya sa baki, amma magana ce da ba a tabbatar ba. Kotu ba ta taɓa yanke mata hukunci ba har ta rasu a 1971.

A 1954 ta dawo ta sake buɗe gidan ɗinkin, kuma Pierre Wertheimer ne ya zuba kuɗin. Jikokinsa, Alain da Gérard, su ke da kamfanin a yau.