Kacici-kacici a Shara Mansur: daren da na biya kuɗin tsire

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau ma daga Makka nake, nan Shara Mansur, yanzu aka idar da Isha, zafin ya ɗan sassauta. Ku yi haƙuri da hayaƙin da ke rufe kyamara, tsire ake gasawa a bayana. E, tsire dai irin namu, da ƙuli da yaji da albasa. Larabawan nan ma layi suke bi, sai dai harshensu bai iya "tsa" ba, "sire" suke ce masa.

Mu huɗu ne a tabarma. Ga Baba tela can da carbinsa, haifaffen Sudan ne, Hausarsa tsaf sai dai ɗan gishirin Larabci. Ga maƙwabcina direba, ga kuma ɗalibinmu na jami'ar Ummul Ƙura. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya jefa tambaya, ba a taɓa waya, wanda ya fi faɗuwa shi zai biya mai tsire. Ni na kawo shawarar, ku riƙe wannan.

Ni na fara. Na ce a faɗa mini sunan kogi ɗaya a Saudiyya. Direba ya yi caraf ya ce kogin Jidda. To, wannan teku ne, Bahar Maliya. Ƙasar nan duk faɗinta ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina, sai kwaruruka da ke cika in an yi ruwa, kwana biyu su bushe. Ruwan famfon da muke wanka da shi a Makka, yawancinsa na teku ne da aka cire wa gishiri a Shu'aiba, kudu da Jidda, aka turo shi ta bututu. Na ci ɗaya, har na fara gyara zama.

Sai ɗalibi ya ce, "Yaya, wace rana ce Ka'aba ba ta da inuwa da tsakar rana?" Na ce yaro, ban da wasa. Ashe gaskiya ne. Sau biyu a shekara rana takan tsaya cak a saman Ka'aba: wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18, da wajen 16 ga Yuli da 12:27, agogon Makka. Dalili kuwa, rana tana kai-komo ne tsakanin digiri 23 da rabi arewa da kudu, Makka kuma tana kan digiri 21 da ɗoriya, don haka sai ta bi ta kanta a tafiya, ta sake bi a dawowa. Ya ɗauki tsinken tsire, ku gani, ya kafa shi a tsaye cikin faranti, ya ɗaga tocila daidai kansa, inuwar ta maƙale a gindi. Ya ɗan karkata hannu, ta miƙe. Ku da ke Kano ko Maraɗi, ku cire awa biyu: 10:18 na safe a watan Mayu, duk wanda ya fuskanci rana a wannan mintin, alƙibla ya fuskanta. Masu rigimar saitin masallacin unguwa, ga alƙali kyauta. Shekara nawa ina garin nan, ban taɓa duban ƙasa a ranar ba.

Da aka zo waƙa na ce to, an shigo gidanmu. Shata, kalangu, ya rasu 1999, na ba su. Kayan kiɗan Ɗanmaraya Jos? Kuntigi, tsirkiya ɗaya tal, gwangwani ne aka rufe da fata. Nan ma na ci. Baba dai shiru, yana ta jan carbi. Can ya ɗago.

"Ɗana, wace 'yar Hausa ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon Omdurman ta Sudan?"

Na ce Barmani Coge. Direba har da ƙwarewa da shayi. Baba ya ce ita wannan ta Funtuwa ce, me ya kai ta Omdurman? Amsar ita ce A'isha Falatiya. A Kassala aka haife ta, ta shiga rediyo a farkon shekarun 1940, lokacin da mace ta yi waƙa a bainar jama'a abin gori ne, ta rasu 1974. Falata kuwa shi ne sunan da mutanen Sudan ke kiran waɗanda suka zo daga yamma da shi, kamar yadda a nan ake ce mana takari.

Daga nan ba a sake jin ta bakin kowa ba, Baba ya karɓe fagen. Ya tambaye ni inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Burmi, 1903, wannan na sani tun firamare. Ya ce to, su wa suka tsira, ina suka nufa? Na yi tsuru-tsuru. Ya ce ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja sauran jama'a gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Ya ce a da tafiyar Hajji shekaru take ci a ƙafa: a tsaya a yi noman auduga a Jazira, a tara guzuri, a kai Sawakin a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sun iso, wasu sun yi aure a hanya sun zauna. Yana faɗa yana nuna hanyar da yatsa a kan tabarma, daga bakin faranti zuwa kofin shayi.

Ya ƙara mini da ta ƙarshe, wai Masar da Sudan wa ya fi yawan dala, gine-ginen nan irin na Fir'auna? Na ce Masar mana. Sudan ce, jama'a.

An yi lissafi, ni ne ƙutal. Direban da ya ce kogin Jidda ma ya fi ni da maki ɗaya, don ya san a Khartum Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Ga mai tsire nan ya taho da takardarsa yana murmushi. Baba, a ƙara miki... a'a, a ƙara maka na hanta? To, Malam, sa masa biyu, a kaina ne dai. Bari in ajiye wayar nan in laluba aljihu.