Karatun nazarin laifuka a ƙasar waje: abin da ke jiran ɗalibi

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, barkanmu da wannan zama.

Da yawa daga cikin masu neman gurbin wannan karatu suna zaton lauyoyi za su fito, ko kuma jami'an binciken ƙwaƙwaf, alhali ba nan fannin ya dosa ba. A yawancin lardunan Kanada, mai son zama lauya sai ya shiga tsangayar shari'a bayan ya yi karatun jami'a na farko. Abin da cibiyoyin nazarin laifuka irin wadda aka kafa a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1959, ko ta Jami'ar Toronto da ta biyo baya a 1963, suka sa a gaba shi ne tambayoyi: wa ya ayyana wani aiki a matsayin laifi, wa ake kamawa, wa ake kau da kai a kansa, kuma wane hali mutum yake fitowa da shi daga gidan yari.

Tun a 1910 masanin shari'ar nan na Amurka, Roscoe Pound, ya bambanta dokar da ke rubuce a littafi da wadda ke aiki a tsakanin jama'a, kuma a ganina duk karatun yana cikin wannan tazara. Ku dubi Kanada. A 1999, a shari'ar Gladue, Kotun Ƙoli ta umarci alƙalai su yi la'akari da tarihi da halin rayuwar 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, kafin su yanke musu hukuncin ɗauri. Duk da haka, waɗannan mutane da ba su wuce kashi 5 cikin 100 na al'umma ba, a yau sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin gidajen yarin tarayya. Ɗalibin shari'a zai haddace hukuncin, ku kuwa za a tambaye ku dalilin da ya sa hukuncin bai sauya lamarin ba.

A nan baƙo yake shan wuya, domin abokan karatunsa sun tashi da sanin Kundin Haƙƙoƙi na 1982, wanda sashe ne na tsarin mulkin Kanada, sun san cewa majalisar tarayya ce ke yin dokar laifuka, larduna kuma su tafiyar da yawancin kotuna, malami kuwa ba zai tsaya maimaita wannan ba. Shawarata ita ce ku je kotu, tunda ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ku zauna a bencin baya ranar sauraron beli, ku ga yadda lauyan da ke taimakon marasa galihu yake ganawa da wanda ake tuhuma na ɗan lokaci kaɗan kafin a kira sunansa, da yadda dangi ke miƙewa su tsaya masa.

Akwai kuma lissafi, wanda yake ba wa wasu mamaki. Za a koya muku cewa alƙaluman 'yan sanda suna nuna abin da aka kai ƙara ne kawai, shi ya sa Ingila ta fara bin gidaje tana tambayar mutane kai tsaye tun 1982. Saboda haka kada ku yi garajen cewa wata ƙasa ta fi wata laifi, wataƙila mutanenta sun fi yarda da hukuma ne suke kai rahoto.

Batun aiki kuwa, ku bincika tun kafin ku biya kuɗin makaranta, wanda na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa. Rundunonin 'yan sanda da yawa a Kanada ba sa ɗaukar kowa sai ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, don haka hanyar da ta fi buɗewa ga baƙo ita ce bincike, ƙungiyoyin kare haƙƙin fursunoni, ko ci gaba zuwa digiri na biyu.