Madugu, sunan da ya rage bayan ayari ya watse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da suka taso daga Hambug da Kwalon da sauran garuruwa, barkanmu da haɗuwa a nan Balin, babban birnin Jamus. Allah Ya saka wa matan da suka kwana a kan tukunya, don ƙamshin da ke fitowa daga baya ya isa ya sa mai jawabi ya taƙaita.

Kwamiti ya ɗora mini magana a kan sunayenmu, saboda koke-koken da ake ta kawowa game da rajistar haihuwar yara. Ni kuwa na zaɓi suna guda ɗaya na riƙe, wato Madugu, domin ta kansa za mu ga abin da ke faruwa da sauran.

Mun zauna a ƙasar da sunan sana'a ya cika ko'ina. Duba ƙofar kowane bene, za ka ga Müller, mai niƙa, Schmidt, maƙeri, Schneider, tela, Weber, masaƙi. Waɗannan suna cikin sunayen da suka fi yawa a Jamus, alhali mafi yawan masu su ba su taɓa riƙe guduma ko allura ba. Mu kuwa da muke da maƙera da majema da marina da dukawa da wanzamai tun kafin a san Turawa, da wuya ka ga ɗayan waɗannan a fasfo. Madugu yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira suka zama sunan gida, kuma ko shi ɗin sai ka bincika kafin ka sami mai shi.

Yaran da aka haifa a nan ba su san ayari ba, don haka ku yi mini haƙuri, manya, in yi musu bayani. Madugu shi ne shugaban ayarin fatake. Idan damina ta ɗauke, 'yan kasuwa daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato sukan haɗa jakuna da takarkarai da 'yan alaro, su ɗauki kanwa da baƙaƙen rigunan rini da jemammun fatu da busasshiyar albasa, su nufi Gwanja. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga, a arewacin Gana ta yau. A can su sayi goron da ya fito daga dazukan Asante, su ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye, su juyo. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa, kuma goro ba ya son wasa: sai ana kwancewa ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba mutum ya isa kasuwar Kurmi ta Kano da ruɓaɓɓen kaya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci.

To duk wannan taro, wanda kan kai mutum ɗaruruwa, wani lokaci ya haura dubu, wuyan mutum ɗaya yake rataye. Shi ke sa ranar tashi bayan ya shawarci malamin ayari. Shi ke zaɓen hanya, shi ke cewa a yada zango a nan ko a ƙara gaba. In an iso ƙasar wani sarki, shi ke shiga fada ya yi cinikin kuɗin hanya da na fito, sannan a raba wa kowane falke gwargwadon kayansa. In 'yan fashi suka tare gaba, shi ke yanke shawarar a biya ko a tsaya a yi faɗa. In wani ya rasu a daji, shi ke ƙidaya dukiyarsa gaban shaidu ya kai wa magada. Yana da mataimaka: jagaba a gaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da tattara abin da za a biya. Sarautar Jagaban Borgu da kuke ji ana kiran shugaban Najeriya na yanzu da ita, jagaban nan ne na gaban tafiya. Ba banza aka yi wa madugu kirari da uban tafiya ba.

Kada kuma mu shafa wa tarihin nan mai fiye da kima. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma akwai ayarin da ya tafi da mutane a ɗaure. Wanda zai gaya wa ɗansa labarin kakansa madugu, ya gaya masa har da wannan.

Me ya sa sunan bai yawaita ba? Na farko dai lissafi ne: kowane ƙauye na da maƙerinsa, amma ayari guda madugu ɗaya gare shi. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi a ganina, mu ba mu gāji al'adar sunan gida ba. Mutum na da sunan yanka, a bi shi da na mahaifinsa, shi ke nan. Sana'a laƙabi ce, ana kiran mai ita da ita, in ya mutu a binne su tare. Da makarantun boko suka zo suna neman suna na biyu, sai aka fi jingina yara ga garuruwansu, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. Ku dubi gidan da ya fi kowane gida cancantar wannan suna. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ɗan madugu ne. Mahaifinsa Abdullahi ayarin Gwanja yake ja. Amma sunan da ya bi zuriyar har yau na Tata ne, matar da ta rene shi. Uban tafiya ya sha kaye a hannun mai reno.

Na uku, sana'ar kanta ta mutu da wuri. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Ankara, wato Accra. Turawa suka yanka iyakoki a tsakiyar hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan a loda shi a tarago. Kafin a soma rubuta sunayen mutane a rajista da gaske, madugan Gwanja sun zama tsofaffi masu ba da labari a zaure. Inda aikin ya daɗe shi ne hamada: ayarin gishiri da ke tashi daga yankin Agadas zuwa Fashi da Bilma, Buzaye ma madugu suke ce wa mai ja musu raƙuma.

Duk da haka sunan bai ɓace ba, sai dai ya warwatsu a bisa tsofaffin hanyoyin fatauci. A Najeriya ana rubuta shi Madugu. A Nijar da Binin, inda Faransanci ya yi mulkin alƙalami, sai ka gan shi Madougou, har mai neman sunan a kwamfuta ya ɗauka gidaje biyu ne daban. Reckya Madougou, wadda ta taɓa riƙe ministar shari'a a Jamhuriyar Binin, 'yar Paraku ce, garin da ke kan hanyar Borgu. Justine Madugu, kocin da ya ja 'yan ƙwallon matan Najeriya suka ci kofin Afirka karo na 10 a Rabat a watan Yulin 2025, bayan sun doke Maroko 3 da 2, mutumin Adamawa ne, inda fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen hauren giwa. Ku lura, ba lallai mai sunan ya zama Bahaushe ba. Duk inda ayari ya yada zango ya bar kalmar a bakin mutanen wurin, wani ya raɗa wa ɗansa, wani ya ci ta a matsayin sarauta.

Ga wani abu kuma da ya shafi garin nan da muke zaune. A 1884 wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Robert Flegel, ya dawo gida daga Binuwai tare da madugai biyu Hausawa. Ɗayansu shi ne Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya yi masa jagora a ƙasar Adamawa. Sun iso Balin a shekarar da manyan Turai suka zauna a wannan birni suna tsara rabon Afirka, suka sha sanyin hunturun nan da muke kuka da shi, babu hita irin tamu, babu wayar da za su kira gida. Flegel ya rubuta labarin rayuwar Mai Gashin Baki daga bakinsa, aka buga da Jamusanci a 1885. Flegel ya koma Afirka, ya rasu a garin Brass na gabar tekun Najeriya a 1886. Saboda haka in wani ya tambaye ku yaushe Hausawa suka fara taka Balin, kada ku fara lissafi daga kanku.

Yanzu ga inda maganar ta dawo kanmu. A gida suna yana tafiya: ni Musa ɗan Garba, ɗana Sani Musa, jikana ya ɗauki Sani. A nan kuwa ofishin rajista sunan iyali yake so, guda ɗaya, kuma wanda aka rubuta wa ɗan fari shi zai bi ƙannensa. Abin da ka cika a takarda cikin gaggawa, wataƙila da jariri yana kuka a kafaɗar uwarsa, shi jikokinka za su amsa bayan shekara 100. Yadda Müller ya daskare a kan Jamusawa, haka namu ke daskarewa yanzu a hannunmu, mu ne zuriyar da abin ya faɗo a kanta. Ni ra'ayina, wanda gidansu ke da laƙabin sana'a na gaske, Madugu ne ko Maigoro ko Wanzam, kuma takardunsa sun ba shi dama, ya fi masa ya riƙe shi a kan ya zama Muhammad na dubu a layin ofishin baƙi. Na san akwai masu jin nauyin wasu sana'o'in saboda yadda ake kallonsu a gida. Wannan kallo bai biyo mu cikin jirgi ba, kuma maƙwabcinka Schmidt ba ya sunkuyar da kai.

Abin da kwamiti ke roƙo shi ne kowane gida ya kira tsofaffinsa a waya kafin taro na gaba, ya tambayi sunan kaka da na kakan kaka, da sana'arsu, da garin da suka taso, a rubuta a kawo wa sakatare. Masu shirin zuwa rajistar haihuwa a watannin nan kuma su tsaya bayan an ci abinci, akwai 'yan'uwa biyu da suka san dokar suna ta ƙasar nan za su zauna da su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya mana zuriya. Malam, bismillah, a yi mana addu'a.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.